Igiya Uku a Hannu Ɗaya: Nazari a kan Labaran Soyayya da Haɗari na Kiristocin Amurka

Gabatarwa

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai a ƙasar Amurka wanda ba kasafai ake ambatonsa a azuzuwan nazarin adabi ba, ko da yake masu karanta shi suna da ɗimbin yawa. Labarai ne na soyayya waɗanda aka cuɗanya da haɗari da bincike, watau kisan kai, ko satar mutane, ko farautar mai laifi, sa'an nan aka ɗora su a kan koyarwar addinin Kirista. Yawancin marubutansu mata ne, haka ma yawancin masu saye. Tauraruwar labarin kuwa sau da yawa mace ce mai sana'a mai wuya, wadda ta tashi a gidan da ya bar mata tabo a zuciya.

Manufata a wannan maƙala ita ce in duba yadda ake ƙulla irin waɗannan labarai, da yadda ake warware su. Zan dogara a kan jerin littattafan Dee Henderson na gidan O'Malley, waɗanda suka fito tsakanin 1999 da 2003, sa'an nan in kwatanta su da wani jeri na Terri Blackstock wanda ya fara fitowa a 2016.

Bahaushe ya san igiyar aure uku ce. To, marubuciyar irin wannan labari ita ma igiya uku take riƙe da su: igiyar haɗari, da igiyar soyayya, da igiyar bangaskiya. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, duk inda marubuciya ta kwance igiyoyin nan uku a lokaci guda, tauraruwarta takan rasa ƙarfin da aka gina ta da shi, darasin addinin ma yakan yi rauni. Inda kuwa ta yarda ɗaya daga cikinsu ta ƙi kwantuwa, a nan ne labarin yake faɗin gaskiya. Wannan shi ne ma'aunin da zan yi aiki da shi.

Asalin Wannan Reshe

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san inda abin ya samo tushe, don kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Rafi biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan reshe.

Rafi na farko shi ne labaran soyayya masu wa'azi. Grace Livingston Hill, wadda ta rayu daga 1865 zuwa 1947, ta rubuta littattafai fiye da 100, yawancinsu a kan budurwa mai tsoron Allah wadda wahala ta sa a gaba har ta dace da miji nagari. Bayan ta sai Janette Oke, 'yar ƙasar Kanada, wadda kamfanin Bethany House ya buga mata Love Comes Softly a 1979. Labarin wata yarinya ce da mijinta ya mutu a kan hanyarsu ta zuwa yammacin Amurka, ta auri wani manomi don larura, daga baya so ya shiga tsakaninsu. Kasuwar da littafin ya yi ita ta nuna wa kamfanonin ɗab'i na Kirista cewa ƙagaggen labari ma haja ne.

Rafi na biyu ba shi da alaƙa da coci. Shi ne labaran da mace take faɗawa cikin haɗari tana kuma cikin soyayya, kamar Rebecca na Daphne du Maurier na 1938, da littattafan Mary Stewart, 'yar Ingila, wadda ta fara da Madam, Will You Talk? a 1955. A irin waɗannan, abin da ke riƙe mai karatu shi ne tambaya biyu: shin za ta tsira, kuma shin mutumin da take so amintacce ne ko kuwa shi ne maƙiyin?

A shekarun 1990 ne rafukan nan biyu suka haɗu sosai. Terri Blackstock, wadda ta daɗe tana rubuta labaran soyayya na kasuwa da sunayen aro, ta daina a wajen 1994 ta koma rubutun da ya dace da imaninta. Kamfanin Harlequin, wanda ya shahara da littattafan soyayya, ya buɗe jerin Love Inspired a 1997, ya kuma ƙara masa reshen labaran haɗari a 2005. A shekarar 2000 aka fara ba da lambar yabo ta Christy ga ƙagaggun labaran Kirista.

Wani abu da bai kamata manazarci ya manta ba shi ne hanyar da littattafan suke bi su kai hannun mai karatu. A wancan lokaci kantunan littattafan Kirista su ne babbar kasuwarsu, kuma masu saye, waɗanda galibinsu Kiristoci ne 'yan Ibanjelika, suna da abin da suka saba gani da abin da ba su yarda da shi ba. Ba a ashar, ba a bayyana kwanciyar namiji da mace, kuma dole bangaskiya ta yi tasiri a rayuwar taurari. Manyan kantunan sun rufe daga baya: Family Christian Stores ya rufe rassansa kimanin 240 a 2017, LifeWay kuma ya rufe nasa kimanin 170 a 2019. Amma ƙa'idojin da suka kafu a zamanin kantunan ba su tafi tare da su ba. Saboda haka duk abin da za mu yaba ko mu kushe a zubin waɗannan labarai, mu tuna cewa marubuciya tana aiki ne a cikin shinge.

Gidan O'Malley

Dee Henderson 'yar jihar Illinois ce, mahaifinta kuma fasto ne. Dabarar da ta gina jerin littattafanta a kai mai sauƙi ce, amma tana da amfani ƙwarai. Yara bakwai ne, marayu da waɗanda iyaye suka yasar, suka haɗu a wani gidan marayu mai suna Trevor House a birnin Shikago. Da suka ga babu wanda zai ɗauke su riƙo, sai suka yanke shawarar su zama 'yan'uwan juna, suka zaɓi sunan O'Malley suka raɗa wa kansu. Da suka girma, kowannensu ya kama aikin ceton rai. Marcus, babbansu, jami'in tsaro ne na gwamnatin tarayya. Kate 'yar sanda ce mai shiga tsakani idan an yi garkuwa da mutane. Lisa likitar binciken gawa ce. Jack ɗan kwana-kwana ne. Rachel tana kwantar da hankalin waɗanda masifa ta afka wa. Stephen ma'aikacin agajin gaggawa ne. Autarsu Jennifer kuwa likitar yara ce.

Shida daga cikinsu kowa da littafinsa: The Negotiator na Kate, The Guardian na Marcus, The Truth Seeker na Lisa, The Protector na Jack, The Healer na Rachel, The Rescuer na Stephen. Akwai kuma Danger in the Shadows na 1999, wanda ya zama share fage. Zaren da ya ratsa littattafan shida shi ne labarin Jennifer. Ita ce ta fara ba da gaskiya ga Almasihu a cikinsu, ita ce kuma aka gano tana da ciwon daji. Burinta shi ne ta ga 'yan'uwanta sun bi ta kafin kwanaki su ƙare mata.

Jigon iyali a nan yana da fuska biyu. Gidan haihuwa shi ne tushen ciwo, gidan zaɓi shi ne magani. A The Negotiator mun ga Kate ta yar da sunan mahaifinta, Emerson, saboda azabar da ta sha a hannunsa tana ƙarama. Sai ga shi an tayar da bam a jirgin sama, mutane da yawa sun hallaka, bincike kuma ya biyo ta kan wani ƙane nata na jini wanda ba ta ma san da zamansa a duniya ba. Ke nan sunan da ta binne ya tono kansa. Wannan ƙulli ne mai kyau, domin ya haɗa igiyar haɗari da rikicin iyali a wuri guda, ba tare da an tilasta ba. Bahaushe yana cewa jini ya fi ruwa kauri. Henderson ta ɗauki wannan magana ta juya ta: 'yan'uwan da Kate ta zaɓa su ne suka tsaya mata, jinin kuwa shi ya jawo mata tuhuma.

Sai dai akwai gyara. Gidan O'Malley ya cika kyau. Mutum bakwai, kowa gwani a fagensa, kowa yana barin aikinsa ya sheƙo da zarar an kira shi, babu hassada, babu gori, babu rigimar kuɗi. Saɓanin da ke tsakaninsu bai wuce ɓoye damuwa don kada a tayar wa ɗan'uwa hankali ba. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san zo mu zauna zo mu saɓa ne. Marubuciyar ta kwashe duk dattin iyali ta zuba a gidan haihuwa, watau a can baya, ta bar gidan yanzu fes. Da haka rikicin iyali ya zama tarihi da ake tunawa, maimakon wutar da ke ci a tsakar gida.

Ƙarfin Tauraruwa

A wajen gina tauraruwa, dole a sara wa Henderson. Littafin Kate ya buɗe ne da wani mutum da ya ɗaura nakiya a jikinsa ya shiga banki ya tsare mutane. Kate ta shiga da ƙafarta, makaminta shi ne harshe da haƙuri. A cikin bankin ne ta haɗu da Dave Richman, jami'in hukumar bincike ta FBI. A tsohon tsarin labaran soyayya, namiji ne zai faso ƙofa ya ɗauke budurwa. A nan kuwa aikin na mace ne, shi kuma namijin ya zama dole ya bi tsarinta ko da hankalinsa bai kwanta ba. Mai karatu yana ganin ƙarfin Kate a aikace, ba a bakin marubuciya kawai yake jin sa ba. Yana ganin yadda take sarrafa muryarta, yadda take karantar fuskar mutum, yadda take jan lokaci har zuciyar mai fushi ta sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda marubuciyar ta sa shakkar kowane tauraro ta fito daga sana'arsa ko daga tabonsa. Kate, wadda kullum take ganin mugunta ido da ido, tambayarta ita ce yadda Allah zai zama mai adalci kuma mai jinƙai a lokaci guda: idan ya yafe wa wanda ya tarwatsa jirgi, ina hakkin waɗanda suka mutu? Lisa, wadda ta san abin da ke samun jiki bayan rai ya fita, ta kasa karɓar batun tashin Yesu daga matattu, alhali a kansa addinin ya tsaya. Marcus kuwa ya daina addu'a tun yana yaro, saboda ya roƙa wa mahaifiyarsa lafiya amma ta rasu. Waɗannan tambayoyi ne na gaske, irin waɗanda masu ilimin tauhidin Kirista suka daɗe suna kokawa da su. Da yake daga cikin halin tauraro suka tsiro, ba su zama kamar wa'azin da aka liƙa wa labari daga waje ba.

Ta fuskar salo, Henderson tana amfani da gajerun jimloli da yawan zance tsakanin taurari, tana kuma ba da muhimmanci ga bayanin yadda ake aiki: yadda ake tattara shaida, yadda ake bin sawun wuta, yadda ake tantance ƙasusuwa. Wannan yana sa mai karatu ya yarda cewa matan nan sun san aikinsu. Rauninta shi ne muryoyin taurarin sukan yi kama da juna, kowa mai hankali, kowa mai lallashi, har wani lokaci sai ka koma baya ka duba wa ke magana.

Inda Igiyoyin Suka Sarƙe

Yanzu sai mu zo kan babbar matsala. Dave mai bi ne, Kate kuwa ba ta ba da gaskiya ba. Bisa fahimtar 'yan Ibanjelika ga Wasiƙar Bulus ta Biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 6 aya 14, bai kamata mai bi ya ƙulla aure da marar bi ba. Saboda haka Dave yana son Kate, amma ya ja wa kansa layi. Ta fuskar zubi wannan dabara ce mai riba, domin kowane labarin soyayya yana bukatar katanga tsakanin masoya. A wasu labarai katangar ita ce talauci, ko ƙin iyaye, ko bambancin asali. A nan katangar tana cikin zuciyar tauraruwa.

To amma a duba abin da hakan ya haifar. Tun daga tsakiyar littafi mai karatu ya riga ya san Kate za ta tuba, domin ba a rufe irin wannan labari sai masoya sun daidaita, ba kuwa za su daidaita ba sai ta ba da gaskiya. Ke nan tambayar nan mai nauyi game da adalci da jinƙai an riga an yanke mata ranar ƙarewa. Dole a amsa ta kafin shafi na ƙarshe, ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Sakamakon haka shi ne, kama mai laifi, da tuban tauraruwa, da buɗewar ƙofar soyayya, duk suna zuwa kusa da kusa, kamar an biya kuɗi an karɓi kaya.

Wannan yana cutar da abu biyu. Na farko, yana cutar da tauraruwa. Halayen da suka sa muka girmama Kate a banki, watau dogaro da kai, da rashin saurin yarda, da ƙin nuna rauni, su ne daga baya labarin yake nunawa a matsayin ciwon da za a warkar. Ba na cewa mutum mai tabo ba ya bukatar waraka. Abin da nake cewa shi ne, idan warakar ta zo daidai lokacin da namiji yake jira a bakin ƙofa, da wuya mai karatu ya bambance miƙa wuya ga Allah da miƙa wuya ga masoyi. Na biyu, yana cutar da saƙon addinin kansa. Koyarwar Kirista ta ce ceto alheri ne, kyauta ce da ba a saye. Amma zubin labarin yana koyar da wani abu dabam a ɓoye: ki ba da gaskiya, ki sami miji, ki kuma tsira daga maƙiyi. Wa'azin da ke bakin taurari yana faɗin abu ɗaya, tsarin labarin yana faɗin wani.

Adalci ya sa in kawo hujjojin da za a iya kare marubuciyar da su. Ɗaya ita ce, ƙa'idar ba mata kaɗai take hawa ba. A The Protector, Jack ne marar bi, Cassie ce mai bi. A The Rescuer, Meghan, ma'aikaciyar jinya da ta makance, ita ce ta tsaya a kan imaninta, Stephen ne ya zama dole ya sauko. A nan mace ce take riƙe da linzami, kuma ƙin da ta yi wani nau'in ƙarfi ne. Hujja ta biyu ita ce ta masu karatu. Lynn Neal, a littafinta Romancing God na 2006, ta tattauna da mata masu karanta labaran soyayya na Kirista da masu rubuta su, ta nuna cewa suna ɗaukar karatun a matsayin hutu da kuma abin ƙarfafa imani. Mai neman hutu kuwa ba ya son a bar shi a rataye. Na yarda da duka biyun. Amma hujja ta farko ta nuna ne cewa maza ma ana yi musu wannan gaggawa, ba ta kawar da gaggawar ba. Ta biyu kuma ta bayyana dalilin da ya sa ake rubuta labaran haka, ba ta tabbatar da cewa hakan ya fi kyau ba. Aikin manazarci bai tsaya a kan abin da kasuwa ke so ba.

Inda Igiya Ta Ƙi Kwantuwa

Abin sha'awa shi ne, Henderson da kanta ta nuna ta san wata hanya. Jennifer ita ce mafi imani a gidan O'Malley. An yi mata addu'a littafi bayan littafi, ta yi aure a cikin ciwon, 'yan'uwanta sun yi ta bin ta ɗaya bayan ɗaya. Da tsarin lada da sakamako ne kaɗai ke aiki, da ta warke. Amma a The Healer, Jennifer ta rasu. Stephen, wanda aikinsa ceton rai ne, bai iya ceton autarsu ba, sai ya bar gari ya shiga duniya da baƙin cikinsa.

A ganina wannan mutuwa ita ce ginshiƙin jerin gaba ɗaya. Ita ce ta hana littattafan zama tallar addini. A nan mai karatu ya ga bangaskiyar da ba ta sayi kome ba a duniya, ya ga addu'ar da ba a amsa ta yadda aka so ba, ya ga iyalin da dole su ci gaba da zama da gurbi a tsakaninsu. Tambayar Marcus game da addu'a, da tambayar Lisa game da tashin matattu, sai a bakin kabarin Jennifer suka sami nauyinsu na gaskiya, fiye da yadda suka samu a littattafansu. Jennifer ba ta riƙe bindiga ba, ba ta fuskanci ɗan ta'adda ba, amma ita ce tauraruwa mafi ƙarfi a cikin bakwai ɗin, domin ita kaɗai ce marubuciya ba ta biya ba.

Terri Blackstock ta bi wata hanya ta dabam a If I Run na 2016, da If I'm Found na 2017, da If I Live na 2018. Casey Cox ta tarar da gawar abokinta, ta san shaidu za su nuna ta, sai ta gudu. Dalilin da ya hana ta zuwa wajen hukuma yana cikin tarihin gidansu: mahaifinta ɗan sanda ne, ita ta tsinci gawarsa tana yarinya, aka ce shi ya kashe kansa, ita kuwa ta tabbata kashe shi aka yi, kuma da hannun abokan aikinsa. Wanda aka ɗauka ya nemo ta shi ne Dylan Roberts, tsohon soja mai bi, wanda firgicin yaƙi bai sake shi ba. Labarin yana tafiya ne da bakin su biyun, wannan ya yi babi, waccan ta yi babi.

Abin lura shi ne, a littafi na farko Casey ta tarar da wata yarinya da aka sace aka ɓoye, ta kuma san idan ta taimaka asirinta zai tonu. Ta taimaka. Ta yi haka ne tun ba ta zama mai bi ba, ba kuma don ta burge wani namiji ba. Littafin ya ƙare tana kan gudu, babu aure, babu wankewa daga zargi. Da yake Blackstock ta shimfiɗa labarin a kan littafi uku, ta sami sararin raba igiyoyin, kowace ta kwance a lokacinta. Gaskiya ne a ƙarshen jerin ta koma ga abin da masu karatunta suke jira. Amma kafin nan mun riga mun san Casey a matsayin mutum mai nagarta da kanta, saboda haka imaninta ya zo a matsayin ci gaban halinta, bai zo a matsayin kuɗin shiga ɗakin aure ba.

Kammalawa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da littattafan da aka rubuta don matan cocin Amurka? Amsa ita ce, matsalar zubin da muka tattauna ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1980 su ma mata ne suka fi rubuta su da karanta su, su ma sun haɗa so da rikicin gida da gargaɗi, su ma an daɗe ana yi musu kallon raini. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Rabi ta tsaya da ƙafarta bayan miji ya kore ta da 'ya'yanta, ta riƙe gida da sana'ar abinci. Da dukiyar mijin ta ƙone, sai aka matsa mata ta koma. Masu nazari suna iya saɓawa a kan ma'anar wannan komawa, amma tambayar iri ɗaya ce da wadda muka yi wa Kate: ƙarfin da aka gina mace da shi a tsawon littafi, ina yake tafiya a babi na ƙarshe? Addinin ya bambanta, al'adar ta bambanta, amma duk marubucin da ya haɗa labari da wa'azi yana fuskantar jarrabawar ya saka wa nagari tun a duniya, a kan idon mai karatu, kafin tawada ta bushe.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan muka ɗauki irin wannan littafi, na gida ne ko na waje, kada mu tsaya a kan cewa tauraruwa likita ce ko 'yar sanda ce, mu ce an ɗaukaka mace. Kada kuma mu ga an ambaci Allah a kowane babi mu ce an yi wa addini hidima. Mu duba ƙarshe, mu ƙirga abin da aka ba ta da abin da aka karɓe mata, da lokacin da aka yi kowanne. Littattafan gidan O'Malley sun cancanci karatu saboda matan da ke cikinsu sun san aikinsu, tambayoyinsu kuma na gaske ne. Sun gaza a inda suka yi gaggawar amsa tambayoyin don a kai ga ɗaurin aure. Sun kuma yi fice a wuri ɗaya, inda marubuciyar ta bar Jennifer ta tafi. Malamanmu da sauran masu nazari suna iya ganin abin ta wata fuska, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga mai raddi.